Inda Gada Ta Ja Jikinta

Asubar fari ce, zakara bai yi cara ta biyu ba. Ruwan da aka wuni ana yi jiya ya ɗauke, ya bar ƙasa da laushi da ƙamshi, ba ka jin komai sai ɗigon ruwa daga bakin jinka da kukan kwaɗi a bayan gari. Irin safiyar da mafarauci ke so ke nan, don ko ɓera ne ya gitta sai ya bar sawu. Nomau ya yi sallarsa, ya ɗaura warki, ya rataya burgami, jakarsa ta fata, ya soke wuƙa a ƙugu, sannan ya ɗauki barandami da adaka, bindigar gargajiya ta yayansa. Karensa Duna ya taso yana kaɗa wutsiya. Nomau ya kama shi ya ɗaure a turken akuya. Duna ya yi ta kallonsa, don tun yana ɗan kwikwiyo ba a taɓa shiga daji an bar shi a gida ba. To, aikin yau ba na kare ba ne. Kare in ya ga dabba ta faɗi, ƙarasa ta yake yi. Shi kuwa Nomau yau ba ya son a ƙarasa.

Ya bi ta ƙofar ɗakin yayansa Jatau yana sanɗa, amma wanda ya shekara a kwance ai ba shi da barcin asuba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Na ji ka ɗaure kare."

"Ƙafarsa ce ke ciwo."

Can Jatau ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Nomau ya fita kansa a sunkuye. Bai taɓa yi wa Jatau ƙarya ba sai yau.

Jatau ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa bin sawu da ɗurin bindiga. A duk Tungar Ɓaure babu mai shiga daji kamarsa. Bara da bazara ya hau maɗaci zai rataya amyar zuma, reshe ya karye da shi, ya faɗo da baya a kan saiwa. Tun daga ranar, daga cibiya zuwa ƙasa kamar ba jikinsa ba. A asibitin birni likita ya ɗaga hoton bayansa a haske, ya nuna wa Nomau da bakin biro, ya ce lakar baya ce ta tsinke a nan, ita kuwa ba a ɗora ta kamar ƙashi. Suka koya musu juya shi da motsa masa ƙafafu, suka ba su keken guragu, suka sallame su.

Nomau bai yarda ba. Ya kawo maɗori, ya ja, ya matsa, ya ɗaure da karare. Wanzami ya yi ƙaho har bayan Jatau ya koma kamar rariya. An sha rubutu, an yi turaren saiwoyi a ƙarƙashin bargo. Nomau da kansa ya kashe mesa ya narka kitsenta, Tabawa matar Jatau ta yi wata biyu tana shafa masa safe da yamma. Sun taɓa ɗaukarsa a amalanke zuwa bakin rafi, suka binne shi a yashi mai ɗumi har ƙirji, kamar yadda wani baƙo ya ce ana yi a ƙasarsu. Har wurin wani mai soka ƙananan allurai a birni sun je. Kowane magani, Nomau sai ya durƙusa ya tsura wa babban yatsan ƙafar Jatau ido, ya ce, "Yaya, gwada." Jatau ya cije leɓe har gumi ya karyo masa. Yatsa ko gezau.

Keken kuwa yana bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Jatau ya ce shi da ya bi sawun ɓauna kwana uku da ƙafarsa, ba za a tura shi kamar buhun gero ba, kuma ba zai ja gindi a tsakar gidansa ba. Inda aka ajiye shi, nan za a dawo a tarar da shi. Makon jiya, Nomau na juya shi, sai ya ce a hankali, "Auta, da ni naman dawa ne, ai ka san abin da za ka yi mini." Daga nan ya juya fuska bango. Kunu ma sai Tabawa ta yi kuka yake kurɓar ludayi biyu.

Nomau ya san abin da yake nufi sarai. Doka ce ta gidansu tun kakanni: in ka karya bayan dabba, kada ka tsaya ko gyara hula sai ka sa mata wuƙa. Mari ɗaya Jatau ya taɓa yi masa a duniya, ranar da yana yaro ya jefi zomo da gora ya karya masa baya, ya tsaya yana dariyar yadda yake jan jiki.

Maganar nan ce ta kai shi wurin tsoho Barmo, Sarkin Baka, shugaban mafarauta, wanda ido ya yi wa rauni. Tsohon ya daɗe yana murza gemu kafin ya ce, "Ɗan nan, duk maganin da mafarauta suka sani, a wurin dabba suka gani. Kakana ya ce gada in bayanta ya karye, akwai wani ganye da take jan jiki ta je ta ci, kwana bakwai ta miƙe. Ni dai ban gani ba. Ubana ma bai gani ba, don ba wanda ke da zuciyar da zai bar ta ta kai can. Na faɗa maka abin da na ji ne kawai, kada ka ce na aike ka."

Abin da ya fito da Nomau ke nan.

Gari na wayewa ya wuce gonakin ƙarshe, ya faɗa cikin gamba mai tsawon mutum. Raɓa ta jiƙe shi sharkaf. Ya ƙetare Rafin Gauraka ruwa iya gwiwa, ya ɗaga adaka sama da kai. A hayin rafin daji ya fara haɗewa, marke da taura da ƙirya sun rufe sama, ƙasa kuwa ruɓaɓɓen ganye ne mai santsi. Fakara ta tashi fir a gabansa, bai ko ɗaga kai ba. Ya ga sawun gursunu, aladen daji, ya wuce shi. Ya ga inda mazo ya goga ƙaho a jikin itace, ya wuce. Sai a bakin wata fadama, gindin kanya, ya ga abin da yake nema: sawun gada, ɗan kofato mai tsini biyu, ƙarami kamar a rufe shi da babban yatsa, gefensa bai ko fara bushewa ba. Ga 'ya'yan kanya an gutsura an bari.

Ya zaga ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya durƙusa bayan suri. Ya ɗura albarushi kaɗan, ya saka dalma guda ɗaya tak, ya danna da tsumma. Ya jira. Sauro ya yi ta cizonsa a wuya bai motsa ba.

Rana ta ɗan ɗago sai ga gadar. Ta fito daga cikin tofa tana taku ɗai-ɗai, ja-ja da ita, kunnuwa na juyawa. Jatau ya sha gaya masa, da damina kafin ka ɗana kunamar bindiga ka fara duba ƙarƙashin dabba. Nomau bai duba ba. Idonsa na kan wuri ɗaya, tsakiyar baya, daidai inda likita ya nuna da bakin biro. Ya ce a ransa, Allah ka yafe mini. Ya ja kunama.

Daram! Hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse.

Da hayaƙin ya yaye, tana nan a ƙasa. Ta yunƙura, ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi. Ta waiga ta dube su kamar tana tambayarsu me ya faru. Ta sake yunƙurawa. Sai ta yi wani kuka siriri, irin na jariri. Hannun Nomau da kansa ya kai kan wuƙa, don abin da ya saba ke nan. Ya kama hannun da ɗayan hannun ya riƙe.

Ta daɗe tana haki. Can ta kafa kofatan gaba a laka, ta ja. Ta sake kafawa, ta ja. Ba wajen ruwa ta nufa ba, ba kuma cikin tofar da ta fito ba. Gabas ta miƙa, wajen Dutsen Kwiɓi, kai tsaye kamar wadda aka kira. Lallai ta san inda za ta.

Ya sake ɗura adaka, ya bi ta daga nesa.

Wannan sawu ko makaho ya bi shi. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya a cikin laka, kamar an ja buhu, da ramukan kofato biyu-biyu a gefe, da ɗigon jini nan da can. Takan ja kamar taku goma ta kwanta, haƙarƙarinta na sama da ƙasa. Ƙudaje suka taru a kan raunin. Duk ganyen da ta kai wa baki, Nomau sai ya jira ta wuce, ya je ya duba. Ta taɓa geza, ya san geza, an riga an dafa wa Jatau. Ta taɓa kalgo, shi ma haka. Wajen hantsi ta tsaya a gindin wata ƙaramar ciyawa mai ganye kamar kunnen ɓera, bayansa fari-fari, ta ci sosai, har tana tono da baki. Wannan kam bai san ta ba. Da ta wuce ya zo ya durƙusa, ya tuge ta har saiwa, ya cika burgami. Amma gada ba ta tsaya nan ba. Ya ce a ransa, wataƙila wannan mahaɗi ne, uwar maganin na gaba.

Rana ta take tsaka. Gwiwoyin gadar na gaba suka saɓule, jan nama ya fito. Akwai wani ɗan kwari da ruwa ya zaizaye, ta gangara ciki ta kasa hawa. Sau biyar tana kaiwa rabi tana zamowa. Nomau na tsaye bayan taura yana kallo, hawaye na zuba, bai ma san suna zuba ba sai da ya ji gishiri a baki. A na shida ta kafa haɓarta a kan wata saiwa, ta ja da wuya, ta haye.

Wajen azahar ne gwaggon biri ya yi haushi a kan dutse, sau biyu, gajere. Daji ya yi tsit. Ko kurciya ta daina kuka. Nomau ya ji gashin bayan wuyansa ya tashi. Ba shi kaɗai ke bin jinin nan ba.

Ya hango wata dabba a ƙarƙashin wata ɗinya, ta lafe cikinta a ƙasa, bakin wutsiya kawai ke motsi. Damisa ce, babba. Tsakaninta da gada bai fi taku ashirin ba. Mai hankali ja da baya zai yi, ya bar mata nama, don ba a jayayya da damisa a kan abin da ta sa wa ido. Amma in ta ɗauke gadar nan, wahalar da ya ba ta tun safe ta tashi a banza ke nan, kuma ƙafafun Jatau sun tafi da ita. Ya fito fili da gudu ya tsaya a kan gadar, ya saita, ya ja kunama.

Ƙyas.

Laimar daji ta shiga albarushin.

Bai ga tasowar damisar ba, nauyinta kawai ya ji. Ya tare da gindin adaka, ta doke ta gefe, farcenta ya tsaga masa kafaɗa har ƙasan hannu. Warin bakinta kamar mushe. Ya faɗi, igiyar takalminsa ta tsinke, ya miƙe ya taka wani abu mai tsini da diddige bai ko kula ba. Ya zaro barandami ya kai sara, ya same ta a gefen kunne. Ta ja baya tana gurnani, haƙora a waje. Nomau ba shi da kirari nasa, bai taɓa yin abin da za a yi masa ba. Sai ya ji bakinsa na yin na yayansa, da muryar da bai san yana da ita ba:

"Sai ni ƙanen Jatau! Jatau ƙirya gagara gatari! Jatau mai kwana inda kura ke tsoron wucewa!"

Yana yi yana kaɗa barandami, yana tunkarar ta. Ta dube shi, ta dubi gada, ta girgiza kai jini na ɗiga daga kunnen. Sannan ta juya a hankali, irin tafiyar wanda ba a kora ba, ta shige duhuwa.

Ya zauna daɓas. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure kafaɗa da haƙori. Da ya waiga, gada ba ta jira shi ba. Duk abin nan da ake yi, ita tana can tana ja.

A gindin Dutsen Kwiɓi akwai wata sarƙaƙiya mai duhu. Nan ta nufa. Da ta kai bakin wurin ƙarfinta ya ƙare, ta kwanta a gefe ɗaya. Nomau ya matso yana ɗingishi, yana duba kowane ganye da ke wurin, yana jiran ya ga wanda za ta kai wa baki. Ba ta kai wa ko ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta yi wani ɗan sauti can cikin maƙogwaro.

Sarƙaƙiya ta motsa. Wani ɗan abu ya fito, bai fi kyanwa ba, ƙafafu kamar tsinke, yana tangaɗi. Ya zagaya ta, ya shinshina jinin, ya rasa yadda aka yi yau ba ta tsaya masa ba. Sai ya durƙusa ya cusa kai a cikinta. A lokacin ne Nomau ya ga hantsarta, cike tam da nono, duk ta kurje da jan ƙasa.

Ta juyo da wuya tana lasar bayan ɗan.

Nomau ya zauna a kan dutse ya rufe fuska da hannu biyu. Ba wani ganye. Ba wani magani. Tun daga gindin kanya, wurin nan take nufi.

Ya bari sai da ɗan ya ƙoshi ya saki da kansa. Sannan ya tashi, ya juya ta ta fuskanci alƙibla, ya rufe mata ido da tafin hannu, ya yi bisimilla. Abin da ya kamata ya yi tun da safe bai yi ba, ya yi shi da la'asar.

Ya saɓa ta a kafaɗar da ba ciwo, ya sa ɗan a burgami a kan ganyen, kansa a waje. Hanyar da ya yi da safe cikin sauri, yanzu da ƙyar yake taka ta, don diddigensa kamar an kafa masa ƙusa.

Rana ta yi ja ya shiga gida. An fito da Jatau ƙarƙashin rumfa, yana kwance a tabarma inda aka ajiye shi, kwanon kunu a gefe ƙudaje na bi. Tabawa ta ga jinin kafaɗarsa ta yi salati, ta ruga ɗora ruwan zafi. Nomau ya sauke gadar a ƙasa, ya koma can gindin turmi ya zauna, nesa da tabarmar, don ba ya iya haɗa ido da yayansa.

Jatau ya juyo da kai. Ya dubi ramin dalma a tsakiyar baya. Ya dubi gwiwoyin da suka saɓule, da cikin da ƙasa ta cinye wa gashi, da yankan wuyan da jininsa bai gama bushewa ba. Mutumin da ya karanta sawu shekara talatin ba sai an ba shi labari ba.

"Barmo ne ko?"

"Ya ce kada in ce ya aike ni."

"Daga ina ta ja?"

"Daga fadamar kanya."

"Zuwa?"

"Gindin Kwiɓi."

Jatau ya rufe ido. Ya san tazarar, ya san kwarin da ke tsakani. Nomau ya jira mari, ko zagi, ko ma a ce ya bar gidan. Da an yi masa da ya ji sauƙi.

"Da ƙafa biyu," in ji Jatau, kamar da kansa yake magana. Can ya ce, "Ta kai ga maganin?"

Nomau ya buɗe burgami. Ɗan gadar ya fito ya tsaya yana rawar sanyi a tsakar gida. Duna ya yi haushi daga turke, Jatau ya daka masa tsawa, irin tsawar da aka shekara ba a ji ba a gidan, kare ya kwanta.

"Akwai wannan," in ji Nomau. Ya cilla masa damin ciyawar. "Ta ci da yawa a hanya. Ban san ta ba, Yaya. Wataƙila in an dafa..."

Jatau ya murza ganyen ya shinshina. Ya daɗe yana riƙe da shi.

"Baba yana ce mata shayar-da-ɗa. Masu goyo ke cin ta, don nono ya kawo." Ya ajiye a hankali. "Ba tawa ba ce, Auta."

Nan Nomau ya kifa kai a gwiwa, kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ko ranar da reshe ya karye.

"Tabawa," in ji Jatau, "zuba wa jar akuya ganyen nan. In ta ci, ki riƙe ta ɗan nan ya sha. Ki shafa masa fitsarinta a baya tukuna, in ba haka ba tunkuɗe shi za ta yi."

Tabawa ta tsaya da butar ruwan zafi a hannu tana kallon mijinta. Sannan ta ajiye, ta kwashi ganyen.

Nomau bai ɗago ba. Sai ya ji wani sauti a ƙasa, kamar ana jan buhu. Sautin ya tsaya. Ya sake. Ya san sautin nan, yau ya wuni yana bin sa. Bai iya ɗaga kai ba, ta ƙarƙashin hannu ya leƙa. Jatau ya bar tabarma. Ya kafa tafukan hannu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana jawo sauran jikinsa a baya, ƙafafun na binsa a karkace. Ya huta sau biyu kafin ya iso gindin turmi.

"Tun shigowarka nake ganin takunka," ya ce yana haki. "Miƙo ƙafar."

Ya ɗora diddigen Nomau a kan cinyarsa, ya zare wuƙar da ke ƙugun ƙanen, ya goge ta a riga. Ya tsaga fatar kaɗan, ya matsa da manyan yatsu biyu, ya kama da farce ya zaro. Farar ƙaya ce, tsawon gaɓar yatsa. Ya duba ta a sauran hasken rana, ya soke ta a jikin danga inda ba mai takawa.

Nomau ya janye ƙafarsa. A bayan rumbu jar akuya ta fara tauna ganyen.